Ba a Wanke Yaya a Gidan Ubanta Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu ranar Talata da hantsi a gidanmu na gado da ke unguwar Wunti a Bauchi, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Ni ne autan ɗakinmu, kuma yanzu ni kaɗai na rage.

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gida. Masu keke suna wucewa suna rage gudu, wasu su ɗaga hannu, wasu su tsaya su yi Fatiha. Mata kuwa sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Wata tsohuwa da ban san ta ba ta tsaya a kaina, ta dogara da sanda ta ce, "Malam, ya haƙuri? Ita ta wanke uwata, ita ta wanke 'yata. Na so a ce ita za ta wanke ni." Ta shige ciki ba ta jira amsa ba.

A rana ta biyu wani abokina, wanda muka tsufa tare a layin teloli, ya zauna kusa da ni ya ce, "Ni fa na zo jana'iza nan aka ce an tafi Inkil. Me ya kai gawar Wunti Inkil?"

Wani ya amsa masa, "Ai can aka yi mata wanka. Gidan ba wuri."

"Ba wuri? Gidan da ake kawo gawar baƙi?"

"A da ke nan. Yaran yanzu ai kowa banɗaki a ɗaka, kamar otal. Sun cinye tsakar gida."

Babban ɗana yana zaune a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai. Duk wanda ke wurin ya san da shi ake. Ni kuma na gyaɗa kai na ce, "Allah dai ya kyauta." Iyakar abin da na ce ke nan.

Da yamma mai aikin famfon da ya yi mana gyaran gidan ya zo. Mutumin Kudu ne, Kirista, ya daɗe da shago a bakin titi. Ya cire hula ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu. Mama ya tafi. Allah ya ba da haƙuri." Ya dube ni, na kau da kai. A duk taron nan shi kaɗai ya san yadda aka yi.

Ni ba mai ilimi ba ne, firamare na tsaya na kama ɗinki. Amma na ga idan ban rubuta wannan ba, za a manta da Yaya, a bar wa ɗana laifin da ba nasa ba. Ni na rushe wurin. Kuma har ta koma ga Mahaliccinta ban buɗe baki na nemi gafararta a kai ba. Abin da ke cin raina ke nan: ban sani ba ko ta yafe mini.

Yaya ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, 'yarta ɗaya tilo tana aure a Inkil, can bayan gari. A hannun kakarmu ta koyi wankan gawa, kuma fiye da rabin rayuwarta ita ake aika wa idan mace ta rasu a unguwa. Tana da wani kwando a ƙarƙashin gado, da ƙwarya biyu, da garin magarya, da kafur, da tsummoki masu tsabta a ninke. Ko tana tsakiyar cin tuwo aka yi sallama, sai ta wanke hannu ta ɗauki mayafi. Ba ta taɓa dawowa ta ba da labarin abin da ta gani ba. Idan mata suka matsa mata da tambaya sai ta ce, "Hannu ne ya je, baki yana gida."

Ba mai ɗaure fuska ba ce. Idan ta ga mace tana taƙama da ƙiba da gwala-gwalai a wurin biki, sai ta dafa ta ta ce, "'Yar nan, ki ci a hankali, mu ne masu juya ki." A yi ta dariya, wadda aka yi wa ma ta yi. Ni kuwa har na yi furfura Auta take kirana, a gaban jikokina, a gaban baƙi. Na taɓa cewa, "Yaya, ko Malam ɗin nan da kowa ke faɗa ba za ki ara ba?" Ta ce, "Wanda na wanke wa kashi ba ya zama Malam a bakina."

A ƙarshen gidanmu, bayan ɗakin Inna, akwai makewayi tun na zamanin Baba. Katanga ce ta ƙasa mai tsawo, ba rufi, masai a kusurwa ɗaya, sauran kuma fili ne mai yashi wanda ke shanye ruwa. Akwai wani faffaɗan katako jingine da bango. Muna yara mun san idan aka kwantar da katakon nan, to, ba a zuwa wajen. A nan aka wanke kakarmu, a nan aka wanke Baba, a nan Yaya ta wanke Inna da hannunta.

Ba mutanen gida kaɗai ba. Garin nan ya cika da masu haya a ɗaki ɗaya, waɗanda idan mutuwa ta zo ba su da inda za su kwantar da mamaci a suturce. Irin waɗannan wurin Yaya ake kawowa. Na tuna wata matar soja da ke haya a wajen Shadawanka. An tura mijin aiki nesa, danginta suna wata jiha, haihuwa ta zo mata da gardama. Maƙwabtanta biyu suka kawo ta a naɗe da zanen gado. Ranar ina da baƙi a ɗakin zaure, mutanen da nake jin kunya, aka wuce da ita ta gabanmu.

Da aka gama na sami Yaya tana shanya tsummoki, na ce, "Yaya, wai gidan nan na kowa da kowa ne? Mutum yana zaune da baƙi a ratsa da gawar da ba a san asalinta ba?"

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na san asalinta. 'Yar wata ce."

Abin bai fita daga raina ba. Gaskiya ita ce ni tsoron gawa nake yi, tun ina yaro, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko likkafani ta aiko in ɗinka, sai in miƙa wa telan da ke kusa da ni in ce aiki ya yi mini yawa.

Sai auren babban ɗana ya taso. Dangin amarya suka turo mata ganin ɗaki, kamar yadda aka saba kafin jere. Suka zagaya, suka leƙa makewayi, suka yi ta kallon juna. Babbarsu ta ce da mai ɗakina, cikin ladabi, 'yarsu ba ta saba fita tsakar gida da bokiti ba, ko za a samu ɗaki mai banɗaki a ciki. Ba su yi laifi ba, haka ake yi yanzu. Ɗana ma ya ce zai nemi haya a waje. Ni na hana, don ina son ɗana a gabana.

Gidanmu ba shi da girma, kuma ta ko'ina gine-ginen maƙwabta sun kewaye shi. Na kira mai aikin famfo da birkilansa. Ya yini yana ja da tef, yana duba inda ruwa ke gangarawa da inda za a haƙa sokawe, ramin da ruwan banɗaki zai riƙa taruwa. Ya yagi takardar buhun siminti ya zana mini hanya biyu. Ta farko, a ɗauki ɗakin zaure, inda nake karɓar baƙi, a haɗa da ɗan lungun da ke bayansa, a fitar da ɗakin amarya da banɗakinsa. Ta biyu, a rushe tsohon makewayi a gina ɗakin a wurin, sannan a yanki kowane ɗaki na gidan a yi masa ɗan banɗaki a ciki, tunda na kowa ya tafi.

Ya ce, "Baba, na farko ya fi sauƙi. Bututu kaɗan, titi kusa. Na biyu zai matse kowa."

Na ce, "In ba da zaurena, baƙina a titi za su zauna?"

Abin da na tsaya a kai da ƙarfi shi ne alƙibla. Na ce kada a kuskura mai zama a kan masai ya fuskanci gabas ko ya ba ta baya. Ya yi dariya ya ce, "Baba, shekara nawa ina aiki a Bauchi? Na san gabas kamar liman." Na ji daɗi, na ɗauka na kiyaye addini a ginina.

Yaya tana zaune a kan 'yar kujerarta tana tsince shinkafa, duk tana ji. Ta ce, "Auta, zo nan." Na je. Ta ce, "Ɗan ɗakin wankan nan da ake zanawa, mutum nawa yake ci?"

"Mutum nawa ke shiga wanka, Yaya? Ɗaya mana."

"Mai rai ke nan. Wanda ya kasa fa? Makewayi na mutum uku ne, ɗaya a kwance, biyu a durƙushe. Mai jego haka, mara lafiya haka, gawa haka. Kai ka yi lissafin masu tsayawa da ƙafafunsu kawai."

Mai aikin famfo ya ce, "Mama ya faɗi gaskiya, Baba."

Raina ya ɓaci don an goyi bayanta a gaban mutane. Na ce, "Gidan nan na masu rai ne. Ba zan hana ɗana aure saboda gawar mutanen Shadawanka ba."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Rabon gado dai ba a yi ba, ina da haƙƙi a ƙasar nan. Ban yarda ba. A nan na wanke Inna."

Na ce to, an bar maganar. Ban bar ta ba.

Bayan sati biyu jikarta ta haihu a Inkil, Yaya ta tafi yi mata wankan jego, kuma na san sai an yi arba'in za ta dawo. Washegarin tafiyarta na kira ma'aikata. Mai aikin famfo ya tambaye ni, "Mama ya yarda?" Na ce ta yarda. Ɗana ma haka na gaya masa, da mai ɗakina. Katangar da ta girme ni, kafin azahar ta zama tarin ƙasa. Katakon nan birkila ya yi amfani da shi wajen zuba kankare, daga baya ban san inda ya shiga ba.

Ranar da ta dawo ina tsaye a tsakar gida, ko in ce abin da ya rage, don ya koma siririn lungu mai tayil. Ta tsaya da ƙullin kayanta a hannu tana kallon sabon ɗaki mai fenti. Ta daɗe. Na fara bayani, ina cewa an yi mata nata a ɗaka, da famfo, ba sauran fita cikin ruwan sama. Ta wuce ni ta shiga ɗakinta. An yanke kusan kashi ɗaya cikin uku, gadonta na ƙarfe ya cika sauran. Ta tura ƙofar banɗakin, ta shiga, ta buɗe hannuwa, gwiwoyin hannunta suka taɓa bango biyu.

Ta ce, "Auta, kai tela ne. Da wa ka auna wannan?"

Ta sauke hannuwanta. Ta ce, "Kabari ma ana barin wurin juya mutum." Daga wannan ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya, shekara tara.

Na yi zaton za ta huce a kan amarya. Ba ta yi ba. Da yarinyar ta haihu, uwarta ba ta da lafiya, Yaya ce ta karɓi wankan. Banɗakin amarya ba ya cin mutum biyu da bahon ruwan zafi, sai Yaya ta durƙusa a bakin ƙofa, rabin jikinta a ɗaka, tana miƙa hannu da ganyen darbejiya. Safe da yamma, kwana arba'in, da gwiwoyin da suka riga suka fara ciwo. Mai ɗakina ta ce ta bari a nemo wata. Ta ce, "Yarinya ba ita ta zana ba."

Ta ci gaba da zuwa gidajen mutane. Abin da ya tsaya shi ne kawo baƙi. Wata rana da la'asar ina zaune a ɗakin zauren nan da na hana a taɓa, wani mutum ya yi sallama, idanunsa jawur. Ya ce an kwatanta masa gidan, ƙanwarsa ce ta rasu, ɗakinsu ɗaya, gidan haya ne mai mutane da yawa. Yaya ta fito har zaure. Na ji ta ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ba mu da wuri yanzu. Mu je can ɗin, a kafa zannuwa a kare." Ta ɗauko kwandonta suka tafi. Da za ta wuce ba ta dube ni ba, ni ma na yi kamar ina gyara rediyo.

Duk shekara idan azumi ya gabato mukan bi juna a nemi yafiya. Nakan leƙa ɗakinta in ce, "Yaya, a yafe mana." Wata shekara ta ɗago ta ce, "Wanne daga ciki?" Tana murmushi ta faɗa. Ƙofa ce ta buɗe mini. Na yi dariya na ce, "Duka mana," na saki labule na fita. Na isa zaure ina ji kamar wanda ya tsallake rijiya. Ban tsallake komai ba.

Shekara biyun ƙarshe ƙafafunta suka ƙi. Tayil yana da santsi, kujerarta ba ta zama daidai tsakanin masai da bango, wanda zai riƙe ta kuma ba shi da wurin tsayawa. Sai aka koma goge mata jiki da tsumma a kan gado. Matar da ta yi rayuwarta tana zuba wa mutane ruwa, ta yi wata da watanni ruwa bai gangara a bayanta ba. Ina gidan, ina ji ana fita da ɗan kwano.

Ranar Talatar, mai ɗakina ta kai mata kunu ta same ta ta cika. Kafin a jima mata uku da ta koya wa aikin suka iso. Ina tsaye a bakin lungu ina jin su. Ɗaya ta ce a yi a ɗaka. Ɗaya ta ce gadon ba ya fita sai an kwance shi, kuma ko an kwance, ƙasan tayil ne, ruwan ƙarƙashin ƙofa zai bi. Aka ce tsakar gida. Suka ɗaga kai, ga tagogin benen maƙwabta a kanmu, ga rariyar lungun tana zuba kai tsaye a kwatar titi, inda masu shago ke zaune. Babbarsu ta ce, "Ba haka ta koya mana ba. Ba zan sa ruwan wankanta ya bi titi ba."

Na ce a kwashe kujerun ɗakin zaure. Sai a lokacin na ba da shi. Suka leƙa, ƙofarsa a kan hanya take, maza sun riga sun cika wurin.

Ana cikin haka 'yarta ta iso daga Inkil. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Kawu, ba ni uwata."

Na ce, "A gidan ubanta ta rasu, a nan za a yi mata sutura."

Ta ce, "A ina, Kawu?"

Aka naɗe Yaya a tabarma, aka fito da ita a karkace saboda lungun ba ya cin mutum biyu a jere. Aka sa ta a bayan a-kori-kura. Haka ta ratsa kasuwa, cikin hayaniyar keke da babura, ba wanka, ba likkafani. Ina gaba kusa da direba, ban waiwaya ba ko sau ɗaya. A Inkil aka wanke ta, aka yi mata salla, aka kai ta.

Bayan an tashi daga zaman makoki na tara mutanen gida na faɗa musu abin da na rubuta a nan. Ɗana ya yi kuka, ya ce shekara tara yana gaishe da Gwaggo bai san da me take kallonsa ba. Washegari na hau keke na tafi Inkil ni kaɗai.

Na sami 'yar Yaya tana shara. Bayan mun gaisa na ce, "Tambaya na zo yi. Ko ta taɓa ce miki ta yafe mini?"

Ta jingine tsintsiya ta ce, "Zo ka gani, Kawu."

Ta kai ni bayan gida, wajen gonar masara. Akwai wani kewaye na bulo, ba rufi, ba fenti, ƙasansa yashi. Ranar jana'iza ina waje tare da maza, ban gan shi ba. Ta ce shekara huɗu da suka wuce uwarta ta zo ta sa aka gina, tana zaune a kan kujera tana nuna wa magini da sanda. Ta ce mata idan ranar ta zo kada ta tsaya jayayya da kowa, ta ɗauko ta kawai.

Na ce, "Ashe ta san haka za a yi."

"Ta sani. Magini ya ja igiya daidai tsawonta da ɗan ƙari, ta ce a'a, ya ƙara. Ya ce Hajiya ai ya isa. Ta dube ni ta ce, ba ni kaɗai ba ce, kawunku dogo ne, kuma shi ma ba shi da wuri."

Na dafa bangon. Na ce, "Amma ba ta ce ta yafe ba?"

"Ba ta ce ba. Ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ni dai abin da ta bari ke nan."

Na nemi ta ba ni wuri, ta koma cikin gida. Na tsaya a kan yashin, akwai sauran danshi a gefe guda. Na kira Yayata da sunan da na saba kiranta, na faɗi laifin da bakina, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata in yi tana da rai.

Ya Allah, baiwarka ta suturta bayinka da yawa, waɗanda ta sani da waɗanda ba ta sani ba, ka suturta ta da rahamarka, ka yalwata mata makwanci. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. Ni kuma na bar wa iyalina wasiyya: idan tawa ta zo, kada a yi gardama a ƙofar gida, a sa ni a bayan mota a kai ni Inkil.